Rakiyar Tsokar Yaya Sale zuwa Idi-Araba

Na bar Agege ranar Litinin ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba. Kayana guntun tsoka ne da aka yanko daga tumbin wana, Yaya Sale mahauci, ranar da aka yi masa aikin ciwon daji. An daskarar da ita cikin kaki, ba ta fi ƙwayar magi ba. Likita ya ce a kai ta ɗakin gwaji na asibitin Idi-Araba a nemi wata alama a jikinta. In akwai, akwai maganin da zai dace da shi. Yaya kuwa ya ce in babu, Katsina zai koma ya jira lokacinsa.

Agege zuwa Oshodi

Yaya ya ce shekara talatin yana fawa, bai taɓa ganin nama ya yi tafiya ba ƙanƙara ba, don haka ya cika mini kula taf da ƙanƙara, ya sa tsokar a ciki. Kwandastan danfo, ƙaramar bas ɗin haya, ya ce in tura ta ƙarƙashin kujera. Na ce wana ne a ciki, ba zai zauna a ƙafafun mutane ba. Matar da ke gefena ta matsa har ta manne da taga.

Idi-Araba

Cunkoson Mushin ya ci mana awa guda, ƙanƙara ta narke a cinyata. Ƙarfe tara da minti goma na isa. Ma'aikaciyar, Madam Rifkatu 'yar Kafanchan, ta leƙa kular.

"Baba, kifi ka kawo mana?"

"Umarnin mahauci ne, 'yata."

"Ka gaya wa Oga wannan naman ko a aljihu ba ya lalacewa."

Ta ce za su fere tsokar ta fi ɓawon albasa siranta, su ɗiga mata rini. In sinadarin da ake nema yana nan, wurin zai yi ruwan ƙasa. Na rubuta da ajami a bayan takarda. Na roƙi ragowar don mu binne, kamar yadda aka saba.

"Gaggawar me? Mai ita ma yana raye. Za mu adana, ƙila a sake bukata."

Bayan kwana goma

Na koma na karɓi sakamako, na kai wa likita. Ya ce alamar ta fito sosai, za a fara magani ranar Alhamis, amma ba alkawari ya yi mini ba.

Da la'asar na shiga gida. Na tarar da Yaya, tabarma kawai yake kallo. Na karanta masa sakamakon. Sai ya ce:

"Wata shida ina cewa cikina, ba mai saurare. Guntun nama ya yi magana, har likita ya miƙe." Ya share ido da bakin riga. "Alhamis ƙarfe nawa?"

Na ce takwas. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni da wannan amsa.