Ilu da Ƙungiyar 'Yan Garuwa ta Misfala

Shekara arba'in ke nan da muka binne ƙanena Ilu, kuma ƙungiyar ƙwallon da ya kafa a unguwar Misfala, nan birni mai tsarki, tare suka tafi. Ko shekara ba ta cika ba. Bayan aikin Hajji ta fara, kafin azumi ta mutu.

A shekarun sittin ne, lokacin ruwa a kafaɗa yake shiga gidaje. 'Yan garuwa ne dukansu, samarin da suka zo sauke farali suka zauna ba takardar zama. Da la'asar sai su ajiye garwa, su kafa sandunan ɗaukar ruwa a fili, su ce gola ke nan. Rigunansu ni na ɗinka da haramin da alhazai suka yar. Ban taɓa son abin ba, na kuma faɗa masa: namiji da gemu yana bin fata a guje.

Ranar da suka kara da 'yan unguwar Kudai ina sayar da funkaso a gefen fili, komai a idona aka yi. Golar ba ta da sandar sama. Ilu ya buga, wasu suka ce ta shiga, wasu suka ce ta haye. Daga zagi sai mari. Wani ƙato ya tuge sandar gola ya maka wa mai tsaron golar su Ilu a haƙarƙari, har inda nake na ji ƙarar ƙashi. Duwatsu suka tashi. Haƙorin wani ya faɗo cikin farantina. Ilu ya shiga tsakani, hannu biyu a sama, sandar ta same shi a ƙeya. Ya durƙusa, jini na zuba ta kunne.

A tabarma aka kawo shi ɗakina. Na ce asibiti.

"Yaya, in na je, 'yan sanda za su tambayi wa da wa ke fili."

"Su tambaya. Kai nake da shi, ba su ba."

"Jirgi za a zuba su gaba ɗaya a kore su daga ƙasar, har wanda ya buge ni."

Na ce a ɗauke shi da ƙarfi. Ya riƙe ƙafar gado, ya ce duk wanda ya taɓa shi bai yafe ba. Ba wanda ya matso. Ya kwana yana amai, washegari ya cika.

Bayan zaman makoki samarin suka zo neman ƙwallon, tana cikin kayan Ilu. Na farke ta da wuƙa a gabansu.

Yau otal ne a filin, jikokin samarin nan suna kallon ƙwallo a talabijin, suna ihu da Larabci. Da Ilu zai gani, dariya zai yi ya tambayi wa ke ci. Ni ban huce ba. Amma ko mutum ɗaya ba a kora ba, nan suka yi aure, nan suka haifu.

Wanda ya buge shi ya tsufa a unguwar Shisha. Duk Sallah yakan zo ya tsuguna a ƙofata ya gaishe ni. Ban taɓa amsawa ba, ban kuma taɓa faɗa wa kowa sunansa ba. A nan ma ba zan faɗa ba, Ilu ya hana.