Injin Mutum Biyu

Jiya jikana ya kawo kafinta ya gyara mini ƙofar ɗaki. Da ya tafi na duƙa zan share dusar katakon da ya bari, sai ƙamshin ya buge ni, katako sabon yanka haɗe da man inji. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna da tsintsiya a hannu. Wata rana ce a Rabah ta dawo mini, tun zamanin Turawa na nan, ni kuwa ko zane ban iya ɗaurawa sosai ba.

A Wurno na tashi, a hannun kakana na wajen uba. Masassaƙi ne, turmi da taɓarya da akushi, duk da gizagonsa yake fitar da su. Mu biyu ne rak a gidan. Kakata ta rasu. Babana ya tafi ci-rani Kurmi tun ina rarrafe, rani ya wuce, damina ta wuce, shiru. Uwata ta gaji da jira, alƙali ya raba auren, ta yi wani a Goronyo. Gidanmu mai ɗaki huɗu ne, amma idan tsohon ya ajiye gizago ba ka jin komai sai kaji. Ina jin kaɗaici ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Babana ɗan fari ne, don haka ban taɓa jin sunansa a bakin kakana ba. Kunya ce ta mutanen da. Idan ta kama dole sai ya ce "wancan yaron", ya kau da kai. Ni kuwa "amarya" yake ce mini, wasan jika da kaka, ina ce masa ba na auren mai furfura.

Wata shekara, bayan an cire albasa, wani maƙwabcinmu ya dawo daga Kurmi ya kawo wa kakana saƙon baki daga babana. Ina bayan danga ina ji.

"Ya ce in gaya maka shi ya bar saran icce da gizago. Can inji ka aiki. Da akwai inji gida, da ya zaka."

Ba a yi wata biyu ba muka ji wani Bayarabe kafinta a Rabah zai koma garinsu, yana neman mai sayen injinsa, wanda ya saya hannun wani Bature. Tsohon nan ya kama bijiminsa guda ɗaya tilo ya kai kasuwa. Ni a wurina magana ta ƙare: inji ya shigo, babana ya shigo. Har na fara share ɗakinsa.

Kakana bai da wanda zai bar ni wurinsa, sai ya ɗora ni kan jaki muka kama hanya da sassafe, cikin zafin bazara. A mangala ya sa guntun iccen ƙirya. Na ce, "Kaka, icce za mu kai wa kafinta?" Ya ce, "Amarya, ke dai riƙe jaki."

Injin na cikin wata rumfar kwano. Kai, ban taɓa ganin ƙarfe mai yawa haka ba! Baƙi ne, fentinsa ya ɓamɓare. Yana da zarto zagayayye kamar faifai, da wuƙar da ke shafe katako ya yi sumul, da abin huda rami, duk a jiki ɗaya. A gefe akwai wata babbar ƙafa irin ta keke mai mariƙi, da bel na fata da ya haɗa ta da zarton.

Kakana ya duba shi yadda yake duba jaki a kasuwa. Ya bi haƙoran zarton da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, ko akwai giɓi. Ya kankare fenti da farce yana neman tsaga. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen da zobensa ya kasa kunne. Ya lakato man da ke gindin ƙafar ya shinshina, ya murza tsakanin yatsu ko zai ji yashi. Bayaraben ya kawo katakon akwatin sabulu zai nuna masa yanka, tsohon ya girgiza kai.

"Wanga ko wuƙar tuya ta yanka shi. Ga nau."

Ya miƙa ƙiryar. Ƙirya kuwa, in ba ku sani ba, gatari ma shakkarta yake. Bayaraben ya kama mariƙin ƙafar da hannu biyu yana juyawa, zarto ya ɗauki kuka, kakana ya tura iccen. Ya rabu biyu tas. Na yi tsalle na yi guɗa, guɗar da ban ma iya ba.

Sai kakana ya ce, "To, saki. In gwada ni ɗai."

Ya juya ƙafar da ƙarfi, ya sake ta, ya zagayo da sauri wajen zarto. Kafin ya kai iccen, zarton ya mutu. Ya sake, haka. Sau uku. Na ruga na kama mariƙin, na rataya a jikinsa da duk nauyina, ko motsi bai yi ba.

Bayaraben ya ce, "Baba, aikin mutum biyu ne. Ni da ƙanena muke yi. Ya koma gida, shi ya sa nake sayarwa. Ba ka da yaro?"

Tsohon ya dubi zarton ya ce, "Injinka lahiyatai lau. Allah shi kawo mai rabo." Ya tattara guntayen ƙiryarsa ya mayar mangala.

A hanya na yi kuka har muryata ta dushe. Ya saya mini ƙuli-ƙuli na jefar. Da muka tsaya ƙarƙashin wata tsamiya don jaki ya huta, na ce masa, kuma har yau ina jin nauyin maganar, "Kai ka hana babana zuwa! Da ka saya da ya zo."

Bai yi mini faɗa ba, bai kuma kira ni amarya ba. Ya ce, "Ɗiyata, da zai zaka, gizago ma ya ishe shi."

Yanzu duk lungu akwai kafinta da injin lantarki, yaro ɗaya ya danna ya yanka abin da zai yanka, ba ya neman kowa. Hanyar Rabah kuwa da muka bi a kan jaki, ni da tsoho da kuɗin bijimi a aljihu, yau ko a mota sai da addu'a. Na kai shekarun kakana, na ma wuce. Na yi shekaru ina ganin tsoron asara ne ya hana shi saye. Sai da nawa 'ya'yan suka watse birane, kowa da dalilinsa mai kyau, na gane abin da tsohon nan ya haƙura da shi a rumfar kwanon nan, ɗansa ne, ba tare da ya iya ko kiran sunansa ba. Babana bai zo ba. Ko jana'izar tsohon ni na aika aka gaya masa.