Tulin Yashin Malam Mahmuda

Kullum da hantsi Malam Mahmuda zai jingine tsohon babur ɗinsa a jikin wata dalbejiya da ke bakin titin Dutsin-Ma zuwa Kurfi, ya shimfiɗa buhu, ya jera filaya da sukudireba da ƙwan fitilar mota. Gyaran kayan sola ne sana'arsa. A gefensa akwai wani tulin yashi da ba ya yarda kowa ya share. Da can rumfa gare shi a cikin wata kasuwar ƙauye, mai kwano da ƙofa. Yadda ya rasa ta ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma raina a ɓace yake.

Ƙauyukanmu da yawa turakun lantarki ba su kai ba, rana kuwa Allah Ya hore mana ita har ta yi yawa. Da sola ta shigo, talaka ya ga hanya: mai cajin waya ya samu na cefane, mai zoɓo ta fara mafarkin firij. To amma mutanenmu batir suke saye kamar buhun gero. A ɗaga, a ji nauyi, in ya kusa karya ƙugu a ce mai kyau ne. Macuta sun lura da haka.

Rekiya, wata mai kunun aya daga Makera wadda da sana'ar take riƙe 'ya'yanta, ta sayar da awakinta kaf ta sayi batir mafi nauyi a kasuwar. Rana na faɗuwa firij ya yi tsit, gari na wayewa kunu ya yi tsami. Ta koma wurin mai kaya, ya ce ita ce ba ta iya aiki da shi ba. Sai ta sa aka kai shi rumfar Malam Mahmuda. Ya jona ƙwan fitilarsa, kafin su gama gaisawa hasken ya dushe.

"Hajiya, kin yarda in yanka shi?"

"Yanka, Malam. Mi ya rage mani?"

Ya sa zarto a gaban jama'a. Yashi ya zubo, sai ga wani ɗan batirin babur a lafe can cikin kusurwa. Rekiya ko kuka ta kasa.

Washegari manyan 'yan kasuwar suka zo, wai shawara. Babbansu ya ce, "Malam Mahmuda, ka tsaya ga gyaranka, ka bar mamu cinikinmu. Aiki ma mu za mu riƙa turo maka."

Ya ce, "Alhaji, in baiwar Allah ta tambaye ni mi ke ciki, in ce mata mi?"

Mai rumfar da yake haya ɗaya ne daga cikinsu. Kafin kasuwa ta sake ci an watso masa kaya waje. Waɗanda suka yi ta salati ranar da yashi ya zubo duk suka sunkuyar da kai. Wanda ya sayar wa baiwar Allah ƙasa yana nan cikin inuwa, ana ce masa ranka ya daɗe, wanda ya tona shi kuwa damina na dukansa a bakin titi. Wannan abin kunya ne, kuma ba zan sakaya shi ba.

Malam, kai ne ka bi Rekiya har gida, ka gyara mata firij ya riƙa aiki da rana yana tara ƙanƙarar da za ta riƙe sanyi, ka ƙi karɓar ko sisi. Kai ne ka sa yau mai saye ke cewa, "Mu tahi gindin dalbejiya a gwada tukuna," mai sayarwar da ya noƙe kuma an gane shi. Mai gaskiyar bakin titi, Allah Ya saka maka da alheri.

Amma addu'a ba ta tare ruwan sama. Gashin Malam ya yi fari, ido ya fara rauni, har yau ba rumfa. Masu hali na Dutsin-Ma da Kurfi, kwano da katako ba su fi ƙarfinku ba. Masu gyara kuma, ku koyi buɗe abin da aka ce kar a buɗe.

Na ce masa ya bari a kwashe yashin nan da ya tara daga batiran da ya yanka mana, ko ya samu wurin shimfiɗa tabarma. Ya girgiza kai, ya nuna da filaya.

"Ba nawa ba ne balle in zubar. Wancan gefen keken ɗinkin wani tela ne na Kutawa. Wanga na ƙasa kuwa awakin Rekiya ne."