Sunayen Da Suka Maƙale A Injin Malam Habibu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi ina zaune a ƙofar gida a garin Ƙofa ina tufka igiyar guga, sai wani direban Kwanar Ɗangora ya tsaya, ya durƙusa. Ya yi ta jan gaisuwa har na ce, "Kai, faɗi abin da ya kawo ka." Ya ce, "Baba, sai haƙuri. Malam Habibu mai kwamfuta ne. Motarsu ta kife a hanyar dawowa daga Legas." Ban tambayi abin da ya kai shi Legas ba, don ni na tura shi.

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Abin da Allah ya ba ni shi ne riƙo. Kafin ruwan madatsa ya cinye ƙauyenmu na san kowane gida, da wanda ya haƙa kowace rijiya, da inda aka binne kakan kowa. Mutanenmu sun watse, wasu Bagauda, wasu Ba'awa, wasu har Doguwa. In aure ya taso ko rabon gado, ni ake nema in faɗi wa ya haifi wa. Masu ɗaukar murya sun sha zuwa, na kore su.

Malam Habibu bai zo da roƙo ba. Shagon buga takardu yake da shi a Kwanar, duk Juma'a kuma in an sauko sai ya biyo, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zauna a ƙasa. Damina guda yana haka kafin ya ce in ba shi sunayen ya zuba a inji. In na yi tuntuɓe ba ya gyara mini a gaban mutane. Sai an watse ya matso ya ce, "Baba, kamar Jatau kuka ce wancan makon."

Na yarda, amma da sharaɗi: kada ya fitar a takarda, kada ya juye a faifai. Na ce kayana ne, ba zan zuba ido wani ya kwasa ya ce nasa ne ba. Ya ce, "Baba, abin da ke wuri ɗaya bai ajiyu ba tukuna." Na ce ko haka ko a fasa. Ya ɗauki alkawari, bai kuwa taɓa karyawa ba. Da muka gama na daina bitar da nake yi kowace safiya, kamar yadda kawuna ya daina ranar da ya miƙa mini sunayen. Haka muka gada.

Sai wuta ta dawo da ƙarfi wata rana, injin ya mutu. Malam ya nuna mini abin da ya ƙone, ɗan baƙin abu bai fi farcen babban yatsa ba, ƙafafu reras kamar shanshani. Ya ce rumbun sunayen ba ya buɗuwa sai da irinsa. Ya zaga Sabon Gari, ya je Kaduna, babu. Aka ce masa wani kamfani a ƙasar waje ya kai masu ƙera shi kotu, wai fasaharsa suka kwaikwaya ba izini, an hana su sayarwa, kayan sun daina shigowa. Na masu ƙarar kuma ba ya shiga wannan injin.

Na ce, "To a kira su gaban dagaci mana, kowa ya kawo shaidunsa!"

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Baba, ai ku da su halinku ɗaya. Kowa ya rungume nasa ya ce kar a kwafa."

Juma'a biyu ban amsa gaisuwarsa ba. Bai fasa zuwa ba.

Bayan nan aka zo mini da maganar gado, aka tambayi sunan uwar wani mamaci. Na buɗe baki, babu komai. Na tafi shagon Malam Habibu, na ce ya nemo abin nan ko a bakin teku ne. Ya ce, "Baba, a bari ruwa ya ɗauke, hanya ba kyau, ga Ladidi da tsohon ciki." Na ce, "Ka karɓi kayana ka kulle, yanzu kana kawo mini zancen matarka?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Amana ce, zan je." Ko ya samo, ko bai samo ba, babu wanda ya sani.

Jiya na gwada bitar unguwar maƙera ta tsohon ƙauyenmu. Gida bakwai ne, huɗu suka zo mini. Jama'a, na janye sharaɗina. Duk wanda ya san kan injin nan, don Allah ya zo ya duba. Duk mai alƙalami, namiji ko mace, ya zo gidana gobe, kada ya jira Juma'a. Ya rubuta abin da ya saura, ya ba wanda ya ga dama.

Ladidi, na je gaisuwa na kasa ɗaga ido. Ki yafe mini in kin iya.

Allah ya jiƙan Malam Habibu, ya haskaka kabarinsa, ya sa amanar da ya riƙe ta tsaya masa ranar hisabi. Allah ya sauki iyalinsa lafiya, ya raya abin da ya bari, ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Ni kuma Allah ya gafarta mini taurin kaina. Amin.