Ƙafar Da Aka Hana Ni Dubawa

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ni tsoho ne yanzu, amma a farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin saurayi ne ni, haifaffen Makka, a wani lungu na unguwar Tandabawi inda rabin maganarmu Hausa rabi Larabci. Sana'ata dako, musamman lokacin aikin hajji, kuma abin da na iya a duniya wanda ya fi na kowa a unguwarmu shi ne gudu. Kaina ya yi girma da wannan, ba zan ɓoye ba. Mahaifina a ƙasa ya tako daga ƙasar Kano, ya ratsa Chadi da Sudan, ya yi shekaru a hanya kafin ya ga teku. Duk yamma sai ya zauna bakin ƙofa ya wanke ƙafafunsa, ya juya tafin wajen haske, ya bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shafe su da mai. Mu yara dariya muke yi, muna cewa Baba na kwalliyar amare. Shi kuwa ba ya fushi, sai ya ce ƙafar nan ce ta kawo shi ɗakin Allah, ba raƙumin kowa ba.

Mutumin da nake son in ba da labarinsa ba zan faɗi sunansa ba, don ya riga mu gidan gaskiya, kuma yana da zuriya. Mu dai Ammi muke ce masa, wato baffa. Bahaushe ne da ya girma a Sudan, ya koyi ƙwallo a wurin ma'aikatan tashar jirgin ruwa, ya ƙetaro Makka tun kafin babban yaƙin duniya na biyu. A lokacin ƙwallo ba ta zauna da gindinta ba a garin, wata shekara a ƙyale, wata shekara a hana, sai samari su riƙa fita bayan gari suna yi. Da aka haɗa ƙungiya a unguwarmu, wani dattijo ne shugabanta, wani kuma ke tsara wasa. Ammi aikinsa ɗaya ne tak, horar da 'yan gefe, wato masu karɓar ƙwallo su falla da ita ta bakin fili har gaban raga. Bai taɓa neman ya wuce nan ba. Yakan ce sauran su yi tunani, nasa yaran gudu ne aikinsu. Dogo ne, marar yawan magana, kullum ƙafarsa cikin huffi na fata ko da ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa. Mutane suka ce tsantseni ne, muka yarda.

Abin da ya yi wa unguwarmu gaskiya ne, kuma ba zan rage masa ba. Kafin shi, yaranmu su ne masu ɗauko ƙwallo idan ta faɗa kwari. Bayan shi, sai ga mutane suna tasowa daga Jidda da Ɗa'ifa don su ga 'yan gefen Ammi. A lokacin wasu ƙungiyoyi sun fara sa takalmi mai ƙusoshi, mu kuwa ƙafa tsirara muke shiga, mu wuce su kamar suna tsaye. Yaran da ya horar da yawa sun samu shiga manyan ƙungiyoyi, ta nan wasu suka samu aiki a kamfani, suka yi aure, suka fitar da iyayensu daga bukkar tarkacen kwano. Har wata makaranta ta taɓa gayyatarsa ya koya wa ɗalibanta gudu. Idan ya ratsa ta Mansur, titin da muke cin kasuwa, masu tsire da masu waina har rige-rigen miƙo masa suke yi. Uwa idan ta ji ya ɗauki ɗanta sai ta yi sadaka.

Yadda yake horar da mu kuwa ga shi. Ba da safe ba, ba da yamma ba, sai rana ta take tsaka yake tara mu a wani fili bayan Mansur, mai baƙar tsakuwa da ke riƙe zafi kamar kaskon tuya. A nan za mu yi ta kai da komowa ƙafa ba takalmi. In an gama, sai mu jera mu tsoma ƙafafu a cikin wani baho na ruwan bagaruwa, irin wadda majema ke jeme fata da ita. Da farko fatar kan yi bororo ta fashe, ka kwana kana juyi. Bayan wasu watanni sai ta yi kauri ta yi baƙi, daga nan kuma sai ka daina jin komai. Ranar da na taka garwashi a wurin mai tsire ban sani ba, sai da aka ji ƙauri, Ammi ya dafa kaina ya ce yau na zama mutum. Sannan yana da doka guda wadda ta fi ranar zafi: mai gudu ba ya duba ƙafarsa. Wanda ya sunkuya, ko ya zauna ya juya tafi, ko ya ɗingisa, Ammi ba zai zage shi ba. Zai kira shi amarya sau ɗaya a gaban kowa, daga nan ya daina ganinsa, ko sun yi karo a hanya. Na ga ƙarti sun yi kuka a kan wannan. Ni ban taɓa bari ya faru da ni ba, shi ya sa na zama ɗan gaban goshinsa, ni ne na gefen dama.

A wata shekara, da safiyar da ake barin Muzdalifa zuwa Mina, na ɗauko kayan wani alhaji a ka, akwati da daro da tabarma a ɗaure. Cunkoso ne, ga raƙuma ga motoci ga mutane, ƙasa cike da tarkacen da aka kwana aka bari. Sai na ji kamar wata 'yar tsakuwa ta tokare ni a tafin ƙafar dama. Iyakar abin da na ji ke nan. Abokin dakona da ke bayana ya ce yana ganin ɗigon jini a sawuna, in sauke kaya mu duba. Na ce masa ba nawa ba ne. Ba ƙarya na yi niyyar yi ba, Allah ya sani. Ban ji zafi ba, kuma wuyana ya riga ya manta yadda ake sunkuyawa a kalli ƙasa. Haka na ƙarasa Mina, na yi ta dako har alhazai suka watse, na koma fili.

Mahaifiyata ce ta fara lura, don ita ke kaɗe tabarmata, ta ga tabo a wurin da ƙafata ke kwana, daga baya kuma ta ji wari. Ta faɗa wa Baba. Da yamma ya kira ni bakin ƙofa, ga ruwansa ga mansa, ya ce in zauna in miƙo masa ƙafar, ba zai faɗa wa kowa ba. Na tsaya a kansa ina dariya, na ce masa wannan ƙafar ba irin tasa ba ce, ƙarfe ce. Sai ya ce ƙarfe ma yana tsatsa, ya ci gaba da wankin tasa. Ana gobe za mu yi wasa da 'yan Jidda, wasan da duk unguwa ta yi wata guda tana zancensa, ƙafar ta kumbura har idon sawu ya ɓace. Ammi ya gani, don shi ba abin da ke wuce masa. Bai taɓa ta ba. Ya sa aka yago ƙyalle aka ɗaure min tamau, ya tambaye ni ko tana ciwo, na ce a'a, kuma gaskiya na faɗa. Ya ce to sai bayan wasa.

Mun ci wasan. An ce ban taɓa gudu irin na ranar ba, an ce ni na kai ƙwallon da aka jefa a raga. Ni abin da nake tunawa kaɗan ne: ƙura, da ihu kamar daga nesa, da sanyi da ke shiga ƙashina ana tsakar rana. Samari suka ɗaga ni sama suka zagaya da ni, kuma a kafaɗunsu na suma. Na farka a asibiti. Likitan, wani baƙo mai furfura, ya nuna min guntuwar ƙusa mai tsatsa da ya zaro daga cikin naman, irin ta akwatin katako. Ya tambayi tun yaushe take ciki, na ce tun Muzdalifa, ya cire tabarau ya dube ni kamar bai ji daidai ba. Ya ce ruɓar ta yi nisa, sai an yanke rabin ƙafar in ana son a tsira da sauran. Kafin ya fita sai ya ɗauko allura ya ce in rufe ido in faɗa masa idan na ji wani abu a ƙafar hagu, mai lafiyar. Na rufe ido ina jira. Na yi ta jira har na gaji na buɗe, sai na ga allurar a tsaye cikin tafina, mahaifiyata ta toshe baki da mayafi.

Ban yi kuka ba, ko a ranar ko bayanta. Mutane suka yi ta yaba haƙurina, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne, babu komai ne kawai a wurin. Ammi ya zo duba ni sau ɗaya, da ƙunshin dabino. Ya zauna ya ba ni labarin yaron da ya sa a gefen dama, ya ce yana da sauri amma har yanzu yana tsoron tsakuwa. Duk zaman nan idonsa na kan bango, ko sau ɗaya bai kai shi ƙarshen gadon ba. Da na koma gida, Baba ne ya karɓi ƙafafuna, guntuwar da mai lafiyar, yana wankewa yana dubawa kowace yamma har ya rasu, kuma bai taɓa ce min ai na faɗa maka ba. Dako ya ƙare, gudu ya ƙare. Na samu ɗan teburi a Mansur ina sayar da goro da turare, daga nan nake jiyo ihun fili idan ana wasa. Ammi ya ci gaba da fitar da 'yan gefe, sunansa na ƙara nisa. Muna gaisawa idan ya wuce. Na sha neman in ji haushinsa, in zauna in tattaro abin da ya faru don zuciyata ta tafasa, amma ba ta tafasa.

Shekaru suka tafi, na zama cikin waɗanda ake kira idan an yi rasuwa a unguwa, don mai zama wuri ɗaya ba ya wuyar samu. Ranar da Ammi ya cika, ni da limamin lungunmu muka shiga yi masa wanka. A waje tsofaffin yaransa sun cika layi, wasu da motoci, ana ta lissafa waɗanda ya fitar. Ni ne a wajen ƙafafu, don haka ni na zare huffin da ban taɓa ganinsa ba tare da shi ba. Ƙafar hagunsa yatsu biyu ne suka rage a jikinta, sauran wurin tsohon tabo ne da ya shafe. Tafin kuwa baƙi ne mai kauri, sak irin nawa, jimar bagaruwa. Ashe ya bi ta wannan hanyar tun a Sudan, ya san inda take kaiwa, ya rufe da fata ya zo ya jera mu a kanta. Liman ya dube ni, na dube shi. Na zuba ruwa na wanke ƙafar, na bi tsakanin yatsun nan biyu kamar yadda Baba ke yi, muka sa shi a likkafani.

Ban rubuto wannan don in tozarta mamaci ba, Allah ya jiƙansa, ya yafe mana baki ɗaya. Ban sani ba ko mugunta ce, ko kuwa shi ma tun ranar da aka hana shi dubawa bai sake dubawa ba, har tasa har tamu. Abin da na fahimta a makare shi ne zafi rahama ne, shi ke gaya wa mutum ya tsaya. Wanda ya cire maka shi ya cire maka mai gadi, ko da ya ba ka suna a madadinsa. Iyaye, idan ɗanku ya samu malamin wasa ko na sana'a da ake yabo, ku yi murna, amma ku tambayi ina waɗanda suka bar hannunsa ba a ji labarinsu ba. Kuma duk wanda ya koya wa yaronku cewa faɗin ciwo abin kunya ne, ku ɗauke yaron ko da duk gari na sara wa mutumin. Jikokina yanzu da takalma masu tsada suke buga ƙwallonsu, amma duk wanda ya dawo sai ya zauna bakin ƙofa ya miƙo min tafinsa na juya shi wajen haske. Suna dariya, suna cewa Kaka na kwalliyar amare. Nakan ɗan mintsine su, sai na ji sun yi ƙara sannan in sake su.