Gonar Asabar

Bana shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Haruna, wanda ƙauyenmu na kusa da Makoda ya fi sani da Haruna Asabar. Sunan tsokana ne, amma ya amsa shi har ya koma ga Allah.

Yana saurayi ya yi leburanci wurin masu haƙa rijiyar burtsatse. Shugabansu Bayahude ne, kuma ranar Asabar ko an kusa cim ma ruwa ba ya taɓa inji. Baba ya tambaye shi ko ba ya tsoron asara. Mutumin ya ce a Attaura har ƙasa ana hutar da ita a shekara ta bakwai, abin da ya tsiro kuwa na talaka ne da dabba. Ya ce sai ranar da ka ɗauke hannu za ka san ga wa ka dogara, ga Allah ko ga fartanya.

Baba ya kai maganar wurin limaminmu, liman ya ce ai tawakkali ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. To amma a nan gona jingine take da gona, wa zai bar tasa sukutum? Sai ya raba tamu kashi bakwai, kowace damina ya ƙyale ɗaya. Aka yi ta dariya. Ni ma na yi, a bayan idonsa. Ba zan ce rumbunmu ya taɓa tumbatsa ba, amma ba mu taɓa rasa tuwo ba, kuma daga kashin nan mata ke tsinkar tafasa, awakin marasa gona su samu ciyawa.

Da zai ga tsadar taki a yau, ya ji yadda gero ke tashi a kasuwar Dawanau, na san ƙeya kawai zai sosa ya ce Mai bayarwa bai sauya ba. Mu ne muka sauya. Bana layin hutu ya faɗo kan kashin ƙarƙashin gawo, wanda ya fi kowanne albarka, sai ƙanena Sabi'u ya tare ni.

"Yaya, mutum goma sha huɗu muke ciyarwa. Baba ya tafi, Bayahuden ya tafi. Don wa za mu bari?"

Ni ma tsoro nake ji. Washegarin ruwan shuka muka ɗauki iri da sungumi muka nufi gindin gawo. Muka tarar da Inna Tabawa, tsohuwar da ba ta da ko taƙi ɗaya na gona, tana fama da kafa turken akuyarta.

"Sannunku 'ya'yan Haruna. Na ƙirga, bana nan ne, ko?"

Ashe shekara da shekaru tana bin lissafin Baba. Mu muna jin tsoron dogara ga Allah, ita kuwa ta nan yake ciyar da ita. Wannan ne gadon da Baba ya bari, kuma kashi shida za su ishe mu in sha Allahu, kamar yadda suka ishe shi. Allah ya jiƙansa.

Sabi'u ya ajiye irin. Ya juya sungumin, ya buga mata turken.