Tsuntsaye Uku a Ƙirjin Shuɗi

Shuɗi ake ce masa, Allah ya jiƙansa, domin tun yana saurayi ba a taɓa ganin faratansa babu fenti ba. Rubuta sunayen shaguna ne sana'arsa, amma tsuntsaye ne a ransa. Duk katangar da mai ita ya amince, sai ya cika ta da tsuntsaye suna tashi. Yakan yanke siffar tsuntsun a jikin wani abu mai faɗi, ya manna a bango, ya fesa fenti ta cikin hudar. Abin da ya yanke ɗin nan shi yake kira uwa, wai don tana haihuwar ɗari ba ta gaji ba.

Neman uwa ta gari ya ci masa shekaru, kuma duk a kan idon amininsa Tela, wanda shagonsu ke manne da juna. Ya gwada kwali, feshi uku ya jiƙe, tsuntsu ya fito kamar kazar da ruwa ya yi wa duka. Ya koma langa-langa, ta tsaga masa yatsa. Ledar ɗaki kuwa ta ƙi kwanciya a bango, fenti ya riƙa bi ta ƙarƙashinta.

"Wai kai yaushe za ka sami uwar nan?" in ji Tela. "Maraya ma haƙura yake yi."

"Ɗinka wandonka, mai allura. Me ka sani?"

Rannan wani direba da ya warke daga karaya ya yar da hoton ƙashinsa na asibiti, baƙin fim ɗin nan da ake ɗagawa a haske. Shuɗi ya tsinta, ya ɗora masa reza, ta wuce sumul kamar a jikin sabulu. Ba ya shan fenti, ba ya yagewa, yana lafewa a bango. Har ɗan tsalle ya yi a ƙofar shago. Daga nan mutanen layin suka dinga kawo masa tsofaffin hotunansu, yana tarawa a kwali ƙarƙashin tebur. Na ƙirji ya fi so, saboda faɗinsa yana ɗaukar tsuntsu uku.

Sai tari ya kama shi, ya ƙi tafiya. Likita ya ɗauki hoton ƙirjinsa, ya nuna musu wani ɗan tabo a huhun dama, ya ba shi magani. Ya ce bayan wata biyu su dawo da wannan hoton a gwada shi da sabo. In tabon ya ragu, a ci gaba da magani; in ya ƙaru, a tura shi babban asibiti ba da wasa ba.

Ranar komawa, da hantsi, matar Shuɗi ta faɗo shagon Tela, mayafi a karkace.

"Malam Tela, ga ambulan ɗin hoton ƙirjinsa, ba komai a ciki! Na birkice ɗaki har ƙarƙashin katifa."

Suka jawo kwalin nan suka zazzage. Tela na ɗaga hotuna a rana ɗaya bayan ɗaya, ita tana leƙowa ta kafaɗarsa.

"Wannan ne?"

"Ina zan sani? Ni rigarsa nake aunawa, ba haƙarƙarinsa ba."

"To wannan fa?"

"Wannan ai gwiwa ce, baiwar Allah."

Duk ƙirjin iri ɗaya ne a idonsu. Shuɗi na zaune a benci yana tari. Can Tela ya ɗaga kai ya ga wata uwa rataye a igiya, wadda aka yi aikin katangar makaranta da ita a makon jiya. A gefenta, inda fenti bai rufe ba, ga sunan Shuɗi na yanka da ƙananan baƙaƙe.

Tela ya juya wajen Shuɗi. "Aboki, ka san naka ne?"

"Na ɗauka na mai wankin layinmu ne," in ji Shuɗi. Sannan ya ƙara a hankali, "Fim ne mai kyau, Tela. Sabo ne, ko lanƙwasa babu."

Haka suka kai shi asibiti. Likita ya ɗaga fim ɗin, haske ya ɓullo ta tsuntsaye uku. Na tsakiyar daidai inda tabon yake aka yanke shi. An ɗauki sabon hoto, tabo na nan, amma ya ƙaru ne ko ya ragu, ba abin gwadawa. Likita ya ce a ƙara wata biyu a sake dubawa.

Shuɗi bai kai ba. A mako na bakwai ya cika, kansa a cinyar matarsa.

Bayan an kwana biyu ta zo shagon Tela da fim ɗin a naɗe cikin zane. Ta tsaya a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura.

"Kai ka fi kowa saninsa. Don Allah, ya sani ko bai sani ba?"

Tela ya dube ta. "Bai sani ba," ya ce.

"To kai ka yarda da haka?"

Ya sunkuya kan kekensa zai zura zare a allura. Ya lashi zaren, ya gwada, ya sake gwadawa, kafar allurar ta ƙi ganuwa.